Ruwa, kumfa da reza ɗaya: abin da ya sa askin da ya fi kwantar da hankali

Shekaru kusan ashirin ke nan da maza da yawa a Turai da Amurka suka fara ajiye rezar zamani mai baki uku ko biyar, suna komawa irin askin kakanninsu, wato a jiƙa fuska da ruwan ɗumi, a kaɗa sabulu da buroshi har ya yi kumfa, sannan a bi da reza mai baki ɗaya a hankali. In ka tambaye su dalili sai su ce maka wai shi ne minti goma sha biyar ɗin da suke samun natsuwa a duk yininsu. Ni dai na yarda da su, amma ina ganin maganar ta fi ƙarfin "natsuwa" kawai, kuma mu da gashinmu yake a murɗe muna da dalilin da ya fi nasu ƙarfi na mu tsaya mu fahimci abin, don wallahi yawancin kurajen da ke wuyan samarinmu ba daga jini ba ne kamar yadda ake faɗa, daga yadda ake askin ne.

Bari mu fara da yadda aka yi har aka bar shi. Kafin shekarar 1900 yawanci namiji a ƙasashen nan ko dai ya je wajen mai aski ko kuma ya mallaki aska tasa, irin doguwar nan mai naɗewa da ake ƙerawa a Shafil ta Ingila da Solingen ta Jamus, kuma sai ka iya wasa ta a jikin jemammiyar fata kafin ka ɗora ta a fuska, wanda ba kowa ke iyawa ba. Sai wani Ba'amurke ɗan talla mai suna King Camp Gillette ya zo da dabarar reza siririya mai baki biyu, wato kaifi a gefe da gefe amma baki ɗaya ne ke taɓa fata a lokaci guda, da ake ɗaurawa a mariƙi, in ta dakushe a yar a sa wata. A 1903 da ya fara sayarwa mariƙi 51 kacal ya sayar da reza 168. Abin da ya ɗaga shi shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda sojan da zai sa abin rufe fuska na kare hayaƙi mai guba dole fuskarsa ta zama ba gashi in ba haka ba iska ta shiga ta gefe, to sai rundunar Amurka ta raba wa sojojinta mariƙi wajen miliyan 3.5 da reza miliyan 32 a 1918. Yaran nan suka dawo gida sun saba da aske fuska kullum da hannunsu. Daga nan ne "askin kullum" ya zama al'ada a wajensu, ba wai tun asali haka suke ba.

Bayan nan kuma sai kasuwa ta karɓi ragamar. Jacob Schick ya fito da injin aski na lantarki a farkon shekarun 1930, kumfar gwangwani ta shigo a 1949, Gillette ta kawo mai baki biyu a jere a 1971, Bic ta kawo ta roba da ake yarwa gaba ɗaya a 1975, sai Mach3 mai baki uku a 1998, sai Fusion mai biyar a 2006. Kowane mataki alkawarinsa ɗaya ne, sauri. Ka gama cikin minti biyu ka fita. Kuma kowane mataki yana ƙara ɗaure ka da kamfani ɗaya, don kan rezar wannan ba ya shiga mariƙin wancan, alhali tsohuwar reza mai baki biyu girmanta ɗaya ne a duniya, ko Astra ce ko Derby ta Turkiyya ko Lord ta Masar ko Feather ta Japan ko Tiger ɗin nan da ke kowane tebur a unguwa, duk za su zauna a mariƙi guda. Ba ƙaramin kuɗi ke cikin harkar ba, tunda a 2005 kamfanin Procter & Gamble ya sayi Gillette a kan kusan dala biliyan 57.

To yanzu me ruwan yake yi, tunda shi ne ginshiƙin abin? Gashin gemu in ya bushe yana da tauri sosai, amma yana shan ruwa, in ya samu minti biyu zuwa uku a jiƙe sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta yanke shi ba tare da ta ja ba. Wannan jan da kake ji kamar ana tuge maka gashi lokacin aski, yawanci busasshen gashi ne ko dakusasshiyar reza. Ita kuma kumfa aikinta biyu, ta riƙe ruwan a jikin gashin kar ya bushe kafin ka iso wajen, sannan ta sa santsi tsakanin ƙarfe da fata. Buroshi kuwa ba ado ba ne, shi ke tura kumfar har gindin gashi ya ɗaga waɗanda suka kwanta, ya kuma kwashe matacciyar fatar da ke toshe bakin ramin gashi. Mutane na raina wannan mataki suna ganin ɓata lokaci ne amma a ganina rabin askin a nan yake, wanda ya iya jiƙa fuska ko da rezarsa ba ta kai ta kawo ba zai fi wanda ya sayi mai tsada ya ɗora ta a busasshiyar fata.

Wani abin da ya burge ni, a 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun ɗauki hoton reza da babban madubin ƙara girma tana yanka gashi, suka ga cewa gashin da ya fi ƙarfe laushi kusan sau hamsin shi ne yake ɓantare bakin rezar ƙanana-ƙanana, musamman in gashin ya lanƙwasa ya same ta a karkace. Ma'ana rezar da kake gani lafiya lau da ido tana iya zama ta riga ta yi giɓi, kuma giɓin nan shi ke karce fata. Shi ya sa arhar reza mai baki biyu ba maganar aljihu kawai ba ce, abin da yake da arha ba ka jin ciwon yar da shi bayan aski uku ko huɗu, amma wanda ya sayi kan reza mai tsada sai ya yi ta lallaɓa shi wata guda yana azabtar da fuskarsa don kar kuɗinsa su tafi a banza.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Reza mai baki da yawa an tsara ta ne yadda bakin farko zai ɗan jawo gashin waje, na biyu da na uku su yanke shi kafin ya koma, sai ragowar ya nutse ƙasa da fata, shi ya sa fuskar take yin sumul. Ga mai miƙaƙƙen gashi ba matsala sosai, gashin zai sake fitowa ta ramin da ya shiga. Amma namu murɗaɗɗe ne tun daga cikin rami, to in aka yanke shi ƙasa da fata kuma aka bar masa tsini, sai ya lanƙwashe ya soki bangon ramin ta ciki, ko kuma ya fito ya yi baka ya sake komawa cikin fatar. Jiki kuma ba ya gane cewa gashinsa ne, sai ya ɗauke shi kamar ƙaya ya tura masa kumburi da ruwa, ga ƙaiƙayi, in ya warke ya bar baƙin tabo, wasu ma har fatar ta yi tudu ta taurare. Wannan su ne kurajen aski, kuma an daɗe da sanin cewa baƙar fata suka fi kamawa, har ta kai a shekarun baya rundunar sojan Amurka ta riƙa ba wa sojojin da abin ya yi wa yawa takardar likita ta ɗage musu askin kullum. Ka ga ke nan sumul ɗin da ake tallata mana shi ne ainihin abin da ke cutar da mu.

Reza mai baki ɗaya ba ta jawo gashi, daidai saman fata take yankewa, in dai ba kai ka danna ba ko ka ja fatar da yatsa ta yi tauri. Kuma bi ɗaya da reza mai baki biyar daidai yake da ƙarfe ya goge fatarka sau biyar, in ka maimaita wajen sau uku lissafa da kanka.

Yanzu wani zai ce ai mu wannan ba sabon abu ba ne, kuma gaskiyarsa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa kafin shagunan kilifa su cika gari ya san wanzami da zabirarsa a rataye. Ka zauna a tabarma a inuwa, ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya yi ta murza kan yana murzawa, ba ya gaggawa, sai ya ji gashin ya sha ruwa ya yi laushi a ƙarƙashin yatsunsa, sannan ya zaro aska ya ɗan goga ta a fata ko a tafin hannunsa, ya dafe kan da hagu ya fara daga ƙeya yana sharɓe jiƙaƙƙen gashin a bayan hannu, kuna hira ƙasa-ƙasa, wani dattijon har gyangyaɗi yake yi ana cikin yi masa. In an gama a shafa ruwa a kai iska ta buga ka ji sanyi har cikin ƙwaƙwalwa. Duk abin da Baturen yau yake saya da kuɗi yana kira natsuwa, ga shi nan a zaune a ƙofar gida. Kuma sana'a ce mai tsari da gado, da Sarkin Aska a kanta, tun daga askin jariri ran suna har ƙaho da kaciya duk a hannunsu suke.

Amma fa ba zan yi maka ƙaryar cewa barin askar wanzami kuskure ne gaba ɗaya ba. Akwai dalili mai ƙarfi, aska ɗaya a kan mutum goma. Ciwon hanta nau'in B yana iya zama da rai a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye, kuma binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su ma sani ba. Ga kuma HIV da ya tsorata mutane tun shekarun 1990. Don haka wanda ya ce ba za a ɗora masa askar da aka yi wa wani da ita ba, ya yi daidai ɗari bisa ɗari. Inda nake da ja shi ne, mun gudu daga askar haɗaka sai muka faɗa kilifar haɗaka, wadda ita ma tana yanka fata musamman wajen gyaran layin goshi da ƙeya, kuma ɗan sifirit ɗin da ake fesawa a kunna ashana na daƙiƙa biyu ban yarda ya isa ya kashe komai ba. Mun yar da ruwan da haƙurin, mun riƙe haɗarin. Alhali maganin a fili yake, wanzamai da masu aski da yawa yanzu suna amfani da mariƙin da ake karya sabuwar reza biyu a sa rabi a ciki, a buɗe ta a gabanka a yar a gabanka, ko kuma kai ka je da taka.

Sai maganar gemu, don na san wani tun daga sama yake cewa malam ai mu ba ma aske gemu. Haka ne, da yawanmu suna barin gemu saboda sunna, kuma babu abin da ke cikin wannan bayani da ke cewa ka taɓa shi. Amma askin ruwa ai bai tsaya a haɓa ba. Akwai kai ga masu son tal kwabo, akwai ƙeya, akwai rage gashin baki wanda shi ma umarni ne, har hadisin Anas da ke cikin Muslim ya sa iyakar kwana arba'in kar a wuce ba a gyara ba, sannan akwai abin da muke kira gyaran fuska, wanda malamai suna da bayanansu a kan iyakarsa kuma kowa ya bi abin da ya gamsu da shi. Ko wane ɓangare ne reza za ta taɓa, ƙa'idar fata da gashi ɗaya ce.

To ita natsuwar daga ina take zuwa? Ni a fahimtata ba daga ƙamshin sabulu ba ne ko kyan mariƙi. Abu ne mai kaifi a kan fatarka, don haka dole hankalinka ya dawo waje ɗaya, ba za ka iya riƙe waya ba hannunka duk kumfa, ba za ka iya tunanin bashin da ake bin ka ba kana bin gefen muƙamuƙi, in ka yi kuwa nan take za ka ga ja a cikin farar kumfa. Kuma aiki ne mai jeri, wannan na bin wannan, kullum iri ɗaya, ba sai ka yanke shawarar komai ba. Mu da muka saba da alwala mun san yadda ruwa a fuska da bin tsari ɗaya bayan ɗaya yake sauke wa mutum zafin kai tun kafin ya kai ga abin da ya nufa. Sannan akwai sautin, wannan ƙaramin ƙaras-ƙaras da reza ke yi in tana cin gashi, in ya ɗauke ka san wajen ya fita, kunnenka ke gaya maka ba ma sai ka duba madubi ba. Kilifa kuwa gurnani take yi a kunnenka ga janareta a bakin shago ga layi na jiran ka tashi. Namiji a wajenmu da wuya ya samu wani lokaci da yake kula da jikinsa shi kaɗai ba tare da wani na kiran sunansa ba, daga masallaci sai kasuwa sai cefane sai matsalar 'yan'uwa, to minti goma sha biyar ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne kuma bai kamata a ji kunyar ɗaukarsa ba.

Amma kalmar "kullum" ɗin nan ita ce nake so a yi hattara da ita. Bature mai miƙaƙƙen gashi zai iya yi kowace safiya lafiya lau. Mu kuwa ya danganta da fatar mutum, wani in yana bi sama-sama a kai a kai gashin ba ya samun tsawon da zai lanƙwaso ya soki fata sai ya zauna lafiya, wani kuma fatarsa ba ta jure ƙarfe kullum sai ya ba ta kwana biyu ko uku. Wanda kuma kuraje suka riga suka cika masa wuya, babu wata dabarar aski da za ta yi masa aiki a haka, ya ajiye reza gaba ɗaya kamar wata guda gashin ya yi tsawo ya zaro kansa daga cikin fata, in akwai ruwa ko tudu a ƙeya ya ga likitan fata, kar ya tsaya shafa man birki ko wani haɗin da aka ba shi a majalisa. Ita ma hodar nan ta cire gashi da ake kwaɓawa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, gaskiya ba ta barin tsini a gashi shi ya sa wasu ke samun sauƙi da ita, amma sinadari ne mai narkar da gashi, in ta wuce mintinta a fuska ƙuna take yi sosai.

Yadda ake yin kuwa ba wuya. Ka fara barin gashin ya ɗan fito kwana biyu ka shafa da yatsa ka gane inda ya kwanta, don a kumatu yawanci ƙasa yake kallo amma a wuya kowa da nasa, wani gefe yake tafiya wani ma juyawa yake kamar guguwa, kuma a nan ne kuraje suka fi taruwa saboda mutane suna bin wuya daga ƙasa zuwa sama ba tare da sun duba ba. Ka yi askin bayan wanka ko ka ɗora tawul mai ɗumi. Ka riƙe mariƙin a ɗan kwance yadda bakin zai samu fata a kusurwa kamar digiri 30, kar ka danna ko kaɗan, nauyinsa ya isa, gajeren ja gajeren ja kana ɗauraye shi. Turawan suna bi sau uku, bin gashi, ketare shi, sannan saɓa masa. Ɗan'uwa ka bar musu na ukun nan. Bi ɗaya ta inda gashi ya kwanta ya ishe mu, in ka matsa ka sake sa kumfa ka ƙara ɗaya a gicciye, kuma ka haƙura da ɗan kaushin da zai rage, shi ne alamar gashin yana waje ba a ciki ba.

Abin da ke ɗan ɓata min rai da masu wannan harka a can shi ne yadda suka mai da ita gasar tara kaya, mutum ɗaya da mariƙi goma da buroshin gashin wata dabbar daji mai tsadar gaske da sabulai daga tsofaffin shagunan Landan irin su Truefitt & Hill da ke nan tun 1805. Wanda ya gudu daga tsadar reza ya dawo yana kashe ninkinta, kuma hankalin da aka ce za a kwantar ya koma kan me zan saya gaba. Ba ka buƙatar wannan. Mariƙi ɗaya na ƙarfe zai yi maka shekaru, buroshin roba mai arha yana aiki sarai, sabulun aski irin Arko na Turkiyya sanda ɗaya sai ta yi watanni. Sabulun wanka na yau da kullum ne dai ban ba da shawara ba don kumfarsa ba ta da kauri kuma saurin bushewa take, in kuma ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai gishiri-gishiri ne za ka ga kumfa tana mutuwa, to ka ɗebi ɗan ruwan leda ka kaɗa da shi.

Bayan an gama a ɗauraye da ruwan sanyi. Alif ɗin nan da ake sa wa ruwa ya kwanta, irinsa ne suke sayarwa a kwali mai kyau da sunan dutsen bayan aski, ka jiƙa ɗan dunƙule mai santsi ka goga, zai tsayar da ɗan jinin da ya fito, kuma duk inda ka ji ya yi maka zafi sosai to nan ne ka danna reza, gobe sai ka sassauta hannu a wajen. Ka bar shi kamar rabin minti ka wanke, kuma shi ma naka kai kaɗai, ba a aron sa. Sifirit zalla yana busar da fata, balle a hunturu da fuska take tsagewa da kanta, don haka ɗan man kaɗanya kaɗan a tafin hannu ya fi, a murza ya narke sannan a shafa. Ita kuma tsohuwar rezar kar a jefa ta a shara haka nan inda yara da masu tsintar roba ke sa hannu, a samu gwangwanin madara a huda masa ƴar tsaga a riƙa zurawa ciki, in ya cika a toshe bakin a ba masu gwangwan.